Idan Kunne Ɗaya Ya Yi Nauyi: Jan Hankali Ga Ma'aikatan Sharada, Challawa Da Bompai

Duk wanda ya taɓa shiga masaƙa injuna na gudu, ko ya tsaya gefen injin da ke markaɗa tsohuwar roba a Sharada da ke Kano, ya san a can ba a magana da baki kaɗai. Da hannu ake yi, da ido, da kai baki dab da kunnen abokin aiki. Haka abin yake a Bompai tun shekarun 1950, lokacin da aka fara kafa masana'antu a can, haka kuma ya ci gaba da aka buɗe Sharada da Challawa daga baya. Masana'antu da yawa sun rufe tun bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shekarar 1986, amma majemu da kamfanonin roba da na lemo da na shinkafa suna nan, kuma rashin tsayayyen lantarki ya ƙaro musu wani maƙwabci mai baƙin surutu, watau janareta. Mutanen da suka yi wannan aiki shekara ashirin ko talatin suna nan cikinmu, a Dakata da Gwagwarwa da Ja'en da Panshekara. Da yawansu sai an maimaita musu sallama.

Wannan takarda domin su aka rubuta ta, da 'ya'yansu da ke kai su asibiti, da samarin da suka gaje su a gaban inji.

Yadda ƙara ke cin kunne

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani gurbi a nannaɗe cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a ka, wajen 16,000 a kowane kunne. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta da magajiya. Babu allura ko ƙwaya ko ɗigon magani da ke tsiro da ita.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure ba ta wuce kamar desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da iyaka a kan desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin gida biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa guda. Ɗakin saƙa yakan haura 90, abin yankan ƙarfe yakan kai 100. To, lissafa wa kanka abin da ke samun mai yin awa goma sha biyu a irin wannan wuri, kwana shida a mako. Ba sai ka nemi na'ura ba kafin ka gane wurin aikinka ya wuce iyaka. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta kai ta cutarwa.

Ɓarnar takan fara a ɓoye. Ma'aikaci ya tashi aiki ya ji kunnuwansa sun toshe, suna ƙugi, ya kwana ya tashi sun washe. Bayan shekaru sai su daina washewa. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, shi ya sa za ka ji dattijo na cewa yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman maganar mata da yara, ko hira a tsakiyar kasuwa. Sinadaran narkar da fenti da gam, irin waɗanda ake shaƙa a wasu kamfanoni, idan suka haɗu da ƙara suna ƙara wa ɓarnar gudu.

Abin riƙewa a nan shi ne, kurumtar da ƙara ke jawowa kunne biyu take kamawa tare, kusan daidai wa daida. Ƙarar ɗakin inji ba ta zaɓen dama ko hagu. Akan sami ɗan bambanci ga mafarauci mai harba bindiga, ko wanda kullum gefe guda ya juya wa inji, amma kaɗan ne.

Kunne ɗaya

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka lura kunnenka ɗaya ne ke ja da baya, ɗayan yana nan garau, kada ka yi saurin ɗora wa inji laifi. Galibi a waya ake fara ganewa: mutum ya ga kullum yana mayar da waya kunnen dama domin na hagu ba ya ɗauko magana sosai. Wani kuwa ƙugi ne a kunne guda, dare da rana. Wani ya ji kamar an cusa masa auduga, ko ya riƙa tangaɗi kaɗan in ya tashi cikin duhu.

Dalilan da ke sa kunne ɗaya ya yi nauyi suna da yawa, kuma akasarinsu ba abin tayar da hankali ba ne. Datti yakan toshe shi. Tsohon ciwon kunne mai zubar da mugunya yakan huda dodon kunne, haka ma mari, haka ma sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza. Hangum yakan kashe kunne guda tun ana yaro. Mutanen Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum sama da dubu ɗari a Nijeriya, ta bar wasu da suka tsira da kurumta. Zazzaɓin Lassa ma yana yi. Allurai irin su jentamaisin da ake yi wa mutane barkatai a kemis suna kashe waɗancan ƙwayoyin masu gashi na cikin kunne, kodayake su sun fi kama kunne biyu.

Amma a cikin waɗannan dalilai akwai guda da ba a cika samu ba, wanda likitan kunne ba ya son ya wuce shi, shi ne ƙari a jijiyar ji. A takardar asibiti za ka ga an rubuta acoustic neuroma ko vestibular schwannoma. Jijiyar da ke fita daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, ta takwas a jerin jijiyoyin kai goma sha biyu, aiki biyu take yi: reshe guda na ji, ɗaya reshen na tsayar da mutum daidai kada ya faɗi. Tana bi ta wani ƙuntataccen rami a cikin ƙashi, tsawonsa kamar santimita guda, tare da jijiyar da ke motsa fuska. Ƙarin yana tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiyar. Ba ciwon daji ba ne. Ba ya yaɗuwa zuwa hanta ko huhu, ba a ɗaukarsa daga wani, ba sammu ba ne. Illarsa matsi ce: yana girma a wurin da babu fili, ya danne jijiyar ji, in ya ƙasaita ya danne ta fuska, ya kai ga tura ƙwaƙwalwa. Ya fi fitowa tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma kusan kullum gefe guda. Wanda ya same shi a kunne biyu, galibi wata cuta ce ta gado, sai a duba danginsa.

Ko ƙarar inji ce ke haddasa shi? An yi bincike a ƙasashe da dama, sakamakon ya saɓa wa juna, ba a tabbatar ba. Abin da ba shi da shakka shi ne ƙarar inji tana ba shi maɓoya. Malamin makaranta da kunnensa ya yi nauyi zai yi mamaki ya nemi dalili. Ma'aikacin majema yana da amsa a aljihu tun kafin a tambaye shi: “Ai aikin kamfani ne.” Matarsa ta yarda, foman ya yarda, wani lokaci har ma'aikacin lafiyar unguwa ya yarda. Ta haka ƙarin da za a iya gani yana milimita biyar sai ya kai talatin, a zo asibiti bayan fuska ta fara mutuwa.

Gwajin farko mai sauƙi ne, ba zafi ba jini. A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, za a leƙa kunnen, sannan a sa maka abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, a riƙa sako sautuka kana nuna wanda ka ji. A ƙarshe a zana layi biyu a takarda, na dama da na hagu. Idan layukan sun rabu da yawa kuma ba a ga dalili a waje ba, sai likita ya rubuta hoton MRI. Kada gabanka ya faɗi. A cikin mutum ɗari da ake aikawa wannan hoto saboda kunne ɗaya, 'yan ƙalilan ne ake samu da ƙarin.

Gargaɗi ga masu walda da maƙera da masu aikin lata: na'urar MRI babban maganaɗisu ce. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonka, ko akwai ƙarfe a jikinka daga wata tiyata, faɗa musu kafin ka kwanta. Kada ka ce ai ya daɗe.

Me ya sa likita zai ce a jira?

Nan ne mutanenmu suka fi samun ruɗani. An faɗa wa mutum akwai ƙari a cikin kansa, sannan a ce masa ya koma gida ya dawo bayan wata shida. Sai zuciya ta raya masa ɗayan biyu: ko an raina shi don talaka ne, ko abin ya fi ƙarfin likitoci suna ɓoye masa. Dangi su taru, wannan ya ce a tafi Masar, wancan ya ce Indiya, a fara maganar sayar da fili.

A tsaya a ji asalin wannan shawara. A da, ba a gano ƙarin sai ya girma, kuma fiɗa kaɗai ce magani. Lokacin da likitan Amurka Harvey Cushing ya wallafa littafinsa a kan cutar a 1917, babban burin likita shi ne majinyaci ya tashi da rai. A shekarun 1960 William House ya shigo da yin aikin ƙarƙashin madubin ƙara girma, mutuwa ta ragu ƙwarai. A 1969 Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya fara gasa ƙarin da haske mai ƙarfi da ake tattarawa wuri guda, ba tare da an buɗe kai ba. Duk da wannan ci gaba, kowace hanya tana da kuɗin da jiki ke biya. Fiɗa takan tafi da sauran jin da ya rage a kunnen, wani lokaci ta taɓa jijiyar fuska, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Gashi da haske kuwa tsayar da girman ƙarin yake yi, ba ya cire shi, kuma ji yakan ci gaba da raguwa bayansa.

Sai likitocin ƙasar Denmak suka yi wani aiki na haƙuri. Tun daga 1976 suke rubuta duk wanda aka samu da wannan ƙari a faɗin ƙasar cikin rajista guda a birnin Kopenhagen. Da hoton MRI ya yawaita sai adadin ya hau, daga kamar mutum 3 cikin miliyan a shekara zuwa 34 a 2015, girman ƙarin a ranar gano shi kuma ya sauko daga milimita 26 zuwa 7. Watau ba cutar ce ta ƙaru haka ba, ido ne ya ƙara kaifi. Suka bar ƙananan suna bin su da hoto shekara da shekaru. A rahoton da Sven-Eric Stangerup da abokan aikinsa suka fitar a 2006, cikin waɗanda ƙarinsu ke cikin ramin ƙashi kashi 17 cikin 100 ne kawai ya girma, waɗanda nasu ya leƙo waje kuwa kashi 29. Mafi yawa suna nan yadda aka same su. Wanda ke girma ma, yawanci 'yan milimita kaɗan yake ƙarawa a shekara.

Ka ga kenan da an yanka kowa, da an yi wa mutane da yawa aikin da ba su buƙata, wasu su fito da karkataccen baki a banza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gogaggen magini in ya ga tsaga a katangar ƙasa ba ya rushe ta nan take. Yakan yi mata alama, ya dawo bayan damina ya ga ko ta buɗe. Amma lura da sharaɗin: sai ya dawo. Maginin da ya yi alama ya tafi bai waiwayo ba, bai yi komai ba.

Tsarin da aka fi bi shi ne hoto na biyu bayan wata shida, sannan kowace shekara har kamar shekara biyar, daga nan a riƙa tsawaita tazara. Kowane zuwa a haɗa da gwajin ji. Idan ƙarin ya ƙaru da fiye da milimita biyu tsakanin hoto da hoto, sai a zauna maganar gashi ko fiɗa. Gashi ya fi dacewa da wanda bai kai santimita uku ba. Wanda ya wuce haka, ko yake danne ƙwaƙwalwa, ba a jira da shi, na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai su a Kano da Zariya da Sakkwato. Mutanen Denmak sun ga cewa mai girma yakan nuna halinsa cikin shekara biyar na farko. Bincike na baya a Amurka ya nuna akwai 'yan kaɗan da ke farkawa bayan sun daɗe a kwance, don haka likitoci da yawa ba sa sallamar mutum gaba ɗaya.

Wani abu da ya kamata a faɗa tsakani da Allah: jira ba ya tabbatar da ji. Kunnen yakan ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai motsa ba. Waɗanda suka zo da wuri, suna rarrabe kalmomi sarai a ranar gwajin farko, su ne suka fi daɗewa da jinsu.

Inda jira ke lalacewa a wurinmu

A Denmak gwamnati ce ke biyan hoto, rajista kuma ita ke tuna ranar komawa. A nan kai ne rajistar. Hoton MRI guda yakan fi albashin lebura na wata, kuma yawancin masu aiki a waɗannan unguwanni 'yan kwantaragi ne ko masu karɓar kuɗin yini, ranar da suka je asibiti babu ko sisi. An buɗe cibiyar gwaje-gwaje ta hukumar NSIA a harabar Asibitin Malam Aminu Kano a 2020, akwai kuma masu zaman kansu a gari, amma samuwar na'ura daban, iya biya daban. Abin da ke faruwa shi ne a yi hoton farko da gudummawar dangi, likita ya ce ƙarami ne, kowa ya yi hamdala, shi ke nan. Alhali hoton farko shi kaɗai ba ya faɗin ko ƙari na girma. Sai an ajiye na biyu kusa da shi.

Don haka tun ranar da aka ce maka a jira, fara tanadin na gaba, ko da ta adashi ne. Tambayi likita kai tsaye, milimita nawa ne, ka rubuta da kwanan wata. Karɓi faifan hoton, kada ka tsaya ga takardar bayani kawai, domin likitan gaba yana so ya auna da idonsa. In da hali a riƙa yi a wuri guda. Sau da yawa hotunan bibiya ba sa buƙatar allurar da ke haska ƙari, wadda ke ƙara tsada, don haka babu laifi ka tambaya. A sami ɗa ko ƙane mai karatu a damƙa masa jakar takardun, ya zama shi ke tuna rana. Wanda ke cikin inshorar lafiya ya binciki abin da take ɗauke masa tun kafin lokaci ya zo.

Sannan, ɗaya kunnen. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci ga ma'aikacin masana'anta, kuma shi aka fi mantawa. Mutumin da ƙari ya ci masa kunnen hagu, na dama shi ne duk abin da ya rage masa. Komawa da shi ɗakin inji tsirara ganganci ne. Auduga ba ta tare ƙara, ƙyalle ba ya yi. Abin toshe kunne na soso shi ne: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya buɗe a ciki. Inda ƙara ta yi tsanani a ɗora marufin kunne a kai. Samarin da ke sa iyafis suna ƙure waƙa don su danne ƙarar inji, ƙara biyu suke tara wa kansu. Mai kunne guda kuma ba ya gane ta inda sauti ke zuwa, don haka ya kiyayi tirela da motar ɗaga kaya a harabar kamfani, ya kiyayi hawa sama in yana tangaɗi. Ya nemi a mayar da shi sashen da babu hayaniya. Akwai na'urar ji da ke ɗauko sauti daga mataccen gefe ta kai wa mai lafiya.

Haƙƙin da ke kan masu kamfani

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji a fili cikin abubuwan da ake biyan diyya a kai. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun, mai kamfani ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Hukumar NESREA kuma tana da ƙa'idojin ƙara tun 2009. Diyyar ta kurumtar da aiki ya jawo ce, kuma hujja take bi. Wanda ba a gwada kunnensa ba ranar da ya kama aiki, da wuya ya nuna abin da ya rasa. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago, da suka iya tsayawa kan albashi da kuɗin ƙarin lokaci, su sa gwajin ji na shekara-shekara cikin buƙatunsu. Bai kai kuɗin gyaran inji guda ba. Ga mai kamfani kariya ce daga ƙarar da ba ta da tushe, ga ma'aikaci kuwa ita ce hanyar da za a ga layin kunne ɗaya ya fara rabuwa da ɗan'uwansa tun shi kansa bai lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 430 ne ke da nakasar ji mai buƙatar taimako, ta kuma keɓe 3 ga Maris domin kunne. Manajan da ke neman ranar da zai gayyato masu gwaji, ga ta nan.

Alamomin da ba a jiran ranar komawa da su

Wanda ake bibiya ya san cewa akwai lokacin da ake karya alƙawarin wata shida a tafi asibiti a ranar. Idan gefen fuska ya yi sanyi ko ya daina jin taɓi, idan baki ya fara karkata, idan tafiya ta zama sai da dafa bango, idan ciwon kai ya nace musamman da asuba tare da amai ko dishi-dishin gani, idan haɗiya ta fara wuya, to ƙarin na iya kasancewa ya kai ga ƙwaƙwalwa.

Haka kuma duk wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya cikin kwana ɗaya zuwa uku, ko yana da ƙari ko ba shi da shi, kada ya ɗiga man zaitun ya ce bari a ga mako. Akwai maganin da likitan kunne ke bayarwa wanda kan dawo da ji, amma amfaninsa yana cikin mako biyun farko ne, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon abin da ake cetowa. Ya tafi sashen kunne kai tsaye, ya faɗi ranar da abin ya fara, da irin aikin da yake yi, da duk allurar da aka yi masa a watan.